Tabarmar da Ke Sauraren Barcin Kaka

Duwala, 6 ga Afrilu

Zuwa ga kakana kuma angona, Alhaji Hamidu mai masaukin fataken shanu a Garwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Iya Talatu da duk mutanen gida. Ya aka ji da hidimar Salla, ya kuma zafin Garwa? Ni lafiyata ƙalau. Aikin asibiti ne dai ba ya ƙarewa, ruwan saman Duwala kuma ba ya gajiya.

Na ɗauki biro ne don na san halinka da waya. In na kira, sai ka ce "jam, jam," wato lafiya lau da Fulatanci, "sai an jima," ka kashe, kamar wayar za ta cije ka. To ga takarda nan, ita ba ta da wurin kashewa.

Kaka, labari ya iso ni. Baffa Siddiƙu ya ce ranar Alhamis, kana dawowa daga kasuwar shanu ta Adumri, gyangyaɗi ya sace ka a kan babur, ka faɗa gonar wani bawan Allah kusa da Pitowa. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya a kujewar gwiwa. Baffa ya ce ya karɓe makullin babur ɗin, kuma ba zai mayar maka ba sai likita ya ce barcinka lafiya lau ne. Kada ka yi fushi da shi. Da ni ce, har tayoyin zan kwance in tafi da su.

Likitan yana son ya san yadda kake barci da dare, tunda wanda ya ƙoshi da barci ba ya gyangyaɗi da rana tsaka a kan hanya. Akwai na'urorin da ke auna wannan, su turo sakamakon cikin wayata, ni kuma in tura masa. Na ga iri biyu a nan. Ɗaya agogon hannu ne, ka ɗaura ka kwanta, shi ke nan. Ɗayan kuma zobe ne, bai fi na azurfa nauyi ba. Ka zaɓi ɗaya in aiko maka ta motar ajans, kamfanin safarar nan. Ni dai agogon nake so ka zaɓa, don ka ƙara kyau, kada wata ta ce angona ya tsufa.

A gaida Iya Talatu da kyau.

Jikarka,
Khaula

*

Garwa, 11 ga Afrilu

Zuwa ga Khaula, amaryar da ta gudu Duwala ta bar ango da zafi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na karanta ta da bokon da na koya a Yola tun ubanki bai zo duniya ba. Muna lafiya. Gwiwa ta warke. Talatu na amsawa, ta ce ki rage cin makabo, gwazar nan ta kudu, wai a hoto kin fara kama da matan kudu.

Da farko dai, ni ban yi barci a kan babur ba. Rana ce ta haske min ido na ɗan rufe shi, babur ɗin kuma ya ga gona ya yi sha'awa. Mai gonar ma bai yi fushi ba, har ruwa ya ba ni. Siddiƙu ne ya mai da allura garma.

Batun agogo kuwa, a kai kasuwa. Ke yarinya ce, ba ki san wanda kike aure ba. Ni tun ina yaro ba na kwana da komai a jikina. Layar da uwata ta ɗaura min a wuya, kullum dare sai na cire ta na tura ƙarƙashin tabarma. Ta yi duka har ta gaji ta bar ni. Agogon da na sayo a Makka yana nan rataye a ƙusa, da magariba nake sallamarsa. Dabba ake ɗaure wa ƙafa da dare, ni kuwa ba na cin dusa. Ga zafin Garwa na wannan wata, wanda ko fatar jikin mutum da tana ciruwa da ya cire ta ya rataye. A haka za ki ƙara min roba a hannu?

Zoben ma kada ki wahalar da kanki. Yatsun da suka yi shekara arba'in suna jan igiyar bijimi ba na zobe ba ne. Sau ɗaya na taɓa sawa, ranar auren ubanki, yatsa ya kumbura, sai da maƙeri ya yanke shi da zarto ana ta yi min dariya.

Amma bari in gaya miki gaskiya, tunda ke ba Siddiƙu ba ce. Rashin makullin nan yana cina. Layya ta kusa, wata biyu ba su cika ba. Fataken da ke sauka a gidana, na Rai Buba da na Cadi, ba don tuwon Talatu kaɗai suke zuwa ba. Suna zuwa ne don in tsaya musu a kara, in ce wannan mai saye na san shi, wancan kada a ba shi ko akuya. Mai masaukin da ba a gani a kara, sunansa mai gida kawai. Alhamis ɗin da ta wuce Siddiƙu ya ɗora ni a bayan wani ɗan moto-taksi kamar buhun gyaɗa. Yaron ya tsaya shan mai, ya tsaya gaida budurwarsa, muka isa Adumri an gama cinikin safe. Na ji kunya, Khaula. In aka yi haka sau uku, mutanena za su koma gidan wani, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Saboda haka ki nemo min dabara. Duk abin da zai auna barcin nan ba tare da ya taɓa fatata ba, na yarda. In babu, ki zo da kanki ki zauna ki riƙa kallona, ai aikin amarya ne.

Ga kilishi nan cikin kwalin, mai yaji ne, kada ki ba abokan aiki.

Kakanki,
Hamidu

*

Duwala, 16 ga Afrilu

Angona mai taurin kai,

Ina gaisuwa. Kilishi ya iso, kuma na ba abokan aiki, sai ka zo ka kama ni. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

Abin nema ya samu! Na yi yawo a shagunan unguwar Akwa har ƙafata ta yi ciwo, na samo wadda aka yi domin irinku. Wata siririyar tabarma ce, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ba a ɗaura ta, ba a rataya ta, ba za ka ma gan ta ba. Ana shimfiɗa ta ne a ƙarƙashin katifa, a jona ta da wuta. Daga nan take jin numfashi da bugun zuciya da juye-juye, har minshari tana ji. Akwai wata ma da ake ajiyewa a gefen gado, amma mai shagon ya ce tana rikicewa in akwai fanka ko mutane suna wucewa, gidanka kuwa kasuwa ne. Shi ya sa na ɗauki tabarmar.

Na yi waya da Baffa Siddiƙu, zai zo ya sa ta a ƙarƙashin katifarka, wannan babbar da ya saya maka shekara uku da suka wuce, ya haɗa ta da intanet ɗinsa. Kai ba ruwanka da komai. In sakamakon mako biyu ya yi kyau, likita zai sa baki, makulli ya dawo kafin layya.

Saura kuma me za ka ce?

Khaula

*

Garwa, 21 ga Afrilu

Khaula, 'yar albarka,

Muna lafiya, zafi dai sai abin da ya ƙaru. Jiya Talatu ta shanya wanki, kafin ta juya ya bushe.

Tabarmarki ta iso. Siddiƙu ya zo da wani ɗan akwatin intanet, ya ɗaga katifar, ya shimfiɗa ta, ya jona, ya yi ta latsa waya yana ɗaure fuska kamar mai gyaran jirgin sama. Da ya gama ya ce in kiyaye kada a cire wayar wutar. Na ce to. Na kafa doka a gidan, ko cajin waya ba a yi a wannan soket ɗin. In an ɗauke kuran kuwa, wato wutar lantarki, wannan ba laifina ba ne.

Gaskiyarki, abin nan ba ya damun kowa. Ba wanda ya ce ya ji ta a jikinsa. Ni kuwa ina barcina yadda na saba, ba komai a hannu, ba komai a yatsa. Allah ya yi miki albarka. Wannan karon kin yi zaɓe, kusan kamar ranar da kika zaɓe ni.

Gida ya fara cika. Muhaimin mai busasshen kifi ya zo daga Maga, zai yi mako guda yana jiran kuɗin kayansa. Kin tuna shi, wanda yake kawo miki ƙwan kifi kina ƙarama. Abokina Roger na Mokolo ma ya aiko cewa yana tafe da awaki, mako mai zuwa. Shekara talatin ke nan yana sauka a gidan nan, har mutanen unguwa na ce masa Alhaji Roger, shi kuma ya ce a bari sai fastonsu ya ji.

Ki sa ido a wayarki da kyau. Ni dai na san barcina ba shi da aibu.

Kakanki,
Hamidu

*

Duwala, 2 ga Mayu

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fatan wannan takarda ta same ka a kan ƙafafunka. Ni jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Makon farko na yi ta murna. Tabarmar ta nuna kana kwanciya bayan isha'i, ba ka ko juyawa sai asuba, numfashi sumul, zuciya kamar ta saurayi. Na yi ta nuna wa mutane a wurin aiki ina cewa ku ga barcin angona. Saura kaɗan in ce wa Baffa ya mayar maka da makulli.

Sai daga ranar Litinin komai ya juye, kamar ba mutum ɗaya ba. Minshari mai ƙarfi, sannan numfashin ya tsaya cak, ya daɗe, sannan ya dawo da fizga. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, haka ake yi har gari ya waye, zuciya kuma tana ta gudu. Dare huɗu a jere. Kaka, ni ma'aikaciyar jinya ce, na san irin wannan. Tabarma ba likita ba ce, amma abin da ta nuna ba na wasa ba ne. Mai irin wannan barcin shi ne yake gyangyaɗi a kan hanya, kuma yana taɓa zuciya in aka bar shi.

Na kira ka sau da yawa, wayarka a kashe kamar kullum. Sai na kira Baffa, na ce ya kai ka asibiti gobe-goben nan, kuma kada ya ba ka makullin ko da za ka yi masa baki. Na san abin da Adumri take a wurinka. Na san ni ce na ce zan dawo maka da makullin, yanzu kuma ni ce na ƙara nisanta shi. Ka yafe min. Na rasa uba a kan hanya, ba zan iya rasa kaka a kanta ba.

Jikarka,
Khaula

*

Duwala, 12 ga Mayu

Kaka,

Ina gaisuwa. Kwana goma ke nan ba takarda, ba kilishi. Kullum na tashi aiki sai na biya ta ajans, har mai ba da kaya ya fara tausaya min. Baffa ya ce ya kai ka asibiti, kuma tun da kuka dawo in ya shigo gaisuwa sai ka kama jan carbi.

In fushi kake da ni, ka rubuto ka zage ni, na fi son haka. Ango ba ya yaji, amarya ce ke yi.

Khaula

*

Garwa, 16 ga Mayu

Khaula,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, kuma yanzu ina da takardar likita da ta shaida haka. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, don Talatu da ta ji wannan labari a tsaye, sai da ta dafa bango.

E, na yi fushi. An kai ni asibiti, aka manna min wayoyi a ƙirji kamar rediyon da ake gyara, ni da na ƙi agogo guda ɗaya. Likita ya auna nan ya auna can, ya ce zuciya lafiya, jini lafiya, amma tunda tabarma ta ce ga abin da ta ji, makulli ya ci gaba da zama a aljihun Siddiƙu. Alhamis biyu suka ƙara wucewa. Ɗaya daga cikin mutanena na Rai Buba, wanda ubansa ma a gidan nan yake sauka, ya kai shanunsa wurin wani. Ranar ban ci tuwo ba.

Shekaranjiya da safe muna shan kunu da Roger a zaure, na ɗauko takardarki ina karanta masa don ya ji irin sharrin da jikata ta ƙulla min. Na zo wurin minshari da tsayawar numfashi, sai na ga ya daina sha.

Ya ce, "Alhaji, wace rana ta ce abin ya fara?"

Na ce, "Litinin."

Ya ajiye ludayi. Ya ambaci Allah da Faransanci, ya ce, "Mon Dieu. Alhaji, ai ranar Litinin na zo."

Na ce to sai me? Ya ce, "Wa ke kwana a kan katifar?"

Na ce, "Kai mana. Kafin kai kuma Muhaimin."

Daga bayan labule sai muka ji Talatu ta fashe da dariya, har da salati.

Khaula, ni ina na san sai mutum ya hau katifar? Na ɗauka abin nan kamar rediyo ne, yana kamo mai gida duk inda yake kwance a gidan, tunda da sunana Siddiƙu ya haɗa shi. Katifar kuwa tawa ce, ban yi ƙarya ba. Amma a gidan nan, tun zamanin ubana, shimfiɗar da ta fi kyau ta baƙo ce. Yaya za a yi mutum ya taso tun daga Maga ko Mokolo, ƙashinsa duk ya kwankwatse a mota, in shimfiɗa masa tabarma ni in haye katifa? Tun ranar da Siddiƙu ya kawo ta ban taɓa kwana a kanta ba. Ban gaya masa ba don kada ransa ya ɓaci. Barcin saurayin da kika yi ta nuna wa mutane na Muhaimin ne, wanda ko a cikin kwalekwale barci yake kamar an jefa dutse a rijiya. Sai ki koma ki ba su haƙuri.

Mai numfashin da ke tsayawa kuwa Roger ne. Ya ce matarsa Véronique ta yi shekaru tana zungurinsa da dare tana cewa yana mutuwa yana dawowa, shi kuma yana ce mata mita ce. Jiya Siddiƙu ya kai shi wurin likitan, an karɓe shi hannu biyu, an ce Allah ne ya kawo shi da wuri. Véronique ta yi waya tana kuka tana dariya, ta ce a tambaye ki ko kina cin dankalin Mokolo.

Yanzu za ki ce to ni a ina nake kwana. A zaure, a kan buzu, bakin ƙofa. Motocin shanu da dare suke isowa, baƙo ya ƙwanƙwasa in tashi in buɗe, in nuna masa ruwa da wurin kwanciya. Wani dare sau biyu, wani dare ban san iyaka ba. Abin da nake gaya wa mutane ke nan in sun tambaya.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba don baƙi na fara kwana a nan ba. Ubanki Saleh, lokacin yana jan motar shanu zuwa kudu, tsakar dare yake dawowa. Ba na so ya daɗe a waje yana bugun ƙofa, sai na koma zaure don in ji shi da wuri. Ranar da motarsa ta faɗi a gangaren Ngaundare, a zauren nan aka zo aka gaya min. Shekara goma sha biyu ke nan, ban iya komawa ɗaki ba. Na san ba zai zo ba, ni Musulmi ne, na san inda ya tafi. Amma ko akuya ce ta goga jikinta a ƙofar nan sai na farka.

To kin ji. Wataƙila dai ba rana ce ta haske min ido a Pitowa ba.

Ga kilishi, na ninka, na biyan yaji ne.

Kakanki,
Hamidu

*

Duwala, 20 ga Mayu

Kakana,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Na karanta takardarka a cikin taksi. Na yi dariya har direba ya waiwayo, da na kai ƙarshe kuma ya miƙo min hankici. Allah ya jiƙan Baba, ya sa yana inda ba a bugun ƙofa a jira.

Rediyo, Kaka! Wallahi ba zan daina ba da wannan labari ba har in tsufa. Laifina ne ma, da ban tambayi inda angona yake kwana ba na tashi aika masa kayan ɗaki. Ka gaida Baba Roger, ka ce ya bi maganar likita sau da ƙafa, kuma ina cin dankali.

Yanzu ga magana. Ciwonka ba a ƙirji yake ba, a bakin ƙofa yake. Mutumin da ake tayarwa kullum dare shekara goma sha biyu, ba abin mamaki ba ne ya yi barci a kan babur, abin mamaki shi ne da bai yi a cikin rijiya ba. Na yi magana da likitan, shi ma ya sha dariya. Ya ce ka kwana a kan katifar, kai da kanka, da jikinka, mako guda. In tabarmar ta nuna barcin kirki, kuma gyangyaɗin rana ya tafi, zai ce a ba ka makulli. Alhamis ta ƙarshe kafin layya tana nan, za ka iya samunta.

Na san abin da za ka ce, mai gida ba ya hawa katifa baƙo na ƙasa. Ba zan yi gardama da kai a kan wannan ba, don ba zan ci ba. Na dai yi waya da Baba Roger. Shi wayarsa a kunne take.

Ka shiga ɗaki, Kaka. Baba ba zai so a ce saboda shi ka faɗa gonar mutane ba.

Taka har kullum,
Khaula

*

Garwa, 1 ga Yuni

Zuwa ga Khaula, shugabar 'yan tawaye,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi ruwan farko mai kyau, gari ya yi sanyi, Binuwai ta fara motsi. Talatu na gaishe ki.

Ashe juyin mulki kika shirya min a gidana. Ranar da takardarki ta zo, bayan isha'i, na ɗauki buzuna zan shimfiɗa a zaure, sai na tarar Roger zaune a wurina. Muhaimin ya dawo daga Maga, yana gefensa. Ga mutanen Rai Buba uku sun jeru kamar masu zaman shari'a.

Roger ya ce, "Alhaji, mun yi shawara. Daga yau ba wanda zai hau katifar nan a cikinmu."

Na ce, "A gidana?"

Ya ce, "A gidanka. In ka ƙi shiga ɗaki, yanzun nan mu kwashe kayanmu mu koma gidan wani, kuma mu gaya wa duk Adumri cewa Alhaji Hamidu ya ƙi roƙon baƙinsa."

Kin ji mugunta. Shekara talatin ina gaya wa mutumin nan cewa ba a ƙin maganar baƙo, ashe ajiyewa yake don ya rama. Muhaimin ya ce su za su riƙa buɗe ƙofa bi da bi. Na ce kai da ko ganga ba ta tashe ka? Aka yi ta dariya, aka cire shi daga layi. Roger ya karɓe buzun daga hannuna, ya raka ni har bakin ɗaki kamar ana kai amarya.

Daren farko ban runtsa ba, ina ta kasa kunne. Na biyu na ɗan samu. Na uku kuwa, Khaula, sai ji na yi Talatu tana girgiza ni wai an kira salla. An buga ƙofa sau biyu a daren, mota guda ta sauke shanu, ban ji komai ba. Kuma katifar nan, ashe haka take? Na ce wa Roger yanzu na gane, ba don ni kuke zuwa gidan nan ba.

Siddiƙu ya kawo min abin da kika tura wa likita, ya nuna min wasu layuka masu hawa da sauka a waya, wai ni ne. Ban gane komai ba, amma likita ya gane. Ranar Laraba da yamma Siddiƙu ya durƙusa ya ajiye makullin a gabana. Na yi kamar ban gani ba, sai da ya fita na ɗauka na sumbace shi.

Alhamis tun da sassafe na tayar da babur. Roger ya hau baya, wai ke kika ce in ya ga kaina ya sunkuya ya mintsine ni. Har muka isa Adumri kaina bai sunkuya ba, amma sai da ya mintsine ni sau biyu, wai gwaji. Da na shiga kara aka yi ta "Alhaji ya dawo!" Mutumin nan na Rai Buba da ya bar ni ya zo yana sosa ƙeya. Na dai sayar masa da bijimansa biyu kafin azahar. Da dare sai ga shi da jakarsa, Roger ne ya buɗe masa ƙofa.

Saura abu ɗaya, ke kaɗai zan gaya wa. Na yi shekaru ba na mafarki, har na ɗauka tsufa ne. Ashe mafarki sai wanda ya yi barci. A dare na biyar na ga Saleh. Da rana ya zo, ƙofa a buɗe, bai ƙwanƙwasa ba. Ya shigo da hularsa a karkace yadda ya saba, ya zauna ya ci tuwo, ya tambaye ni ke. Na ce kin girma, kin zama mai ba da umarni. Ya yi dariya. Shekara goma sha biyu ina jiransa a bakin ƙofa, ashe a ɗaki zai same ni.

Ki nemi hutu ki zo layya, na ware miki rago mai ƙaho. Katifa dai ba za ki samu ba, ko da ke baƙuwa ce, baƙina sun hana. Tabarmarki kuma ki bar ta a inda take, ta ci gaba da saurare. Wanda take ji yanzu ni ne.

Angonki,
Hamidu